Kaza Kan Dami: Neman Taimako Cikin Jadawalin Intanet

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai da sababbin ma'aikata)



Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa. A kan wannan karin magana zan kafa jawabina, domin kuwa ni da kaina na yi irin kwanan kazar nan har dare biyu.

Abin da nake nufi da jadawalin intanet shi ne jerin sunaye ko alƙaluma da ake sawa a shafin intanet, wanda mai karatu ke iya jujjuya shi: ya nemi suna, ya jera daga ƙarami zuwa babba, ya wuce shafi na gaba. Da yawa daga cikin waɗanda muke gani da wata manhaja ake gina su, mai suna DataTables, wadda Allan Jardine ya fito da ita a 2008, ya ɗora ta kan jQuery ta John Resig da ta fito a 2006. Kyauta ce, kowa na iya ɗauka.

To, a bara aka ɗora mini sa sunayen waɗanda suka sami ɗakin kwana a shafin wata ƙungiya tamu. Na gama aikin, na buɗe shafin, sai wani ɗan akwatin gargaɗi ya faɗo cikin Turanci. Ban karanta ba, na rufe shi, na sake buɗewa, ya sake faɗowa. Na yi ta neman wani na gaba da ni da ya iya aikin, ashe ya yi tafiya. Dare biyu ke nan, mutane na ta sintiri ƙofar ɗakina, wasu ma da akwatunansu ba su san inda za su sauke ba.

A dare na uku, don gajiya, na tsaya na karanta akwatin nan. Ashe tun farko yana gaya mini abu uku: sunan jadawalin da ya sami matsala, da sunan bayanin da ya nema bai samu ba, da lambar layin kwance da na tsaye inda abin ya faru. A ƙarshensa kuma ga adireshin da za a je a sami cikakken bayani, mai ƙarewa da tn/4. Masu manhajar sun ba kowane shahararren kuskure lambarsa: lamba 1 idan bayanan da aka aiko ba su bi ƙa'idar JSON ba, lamba 3 idan an yi ƙoƙarin kafa jadawali ɗaya sau biyu, lamba 4 idan an nemi bayanin da babu shi, lamba 7 idan an kasa ɗauko bayanan daga inda aka ajiye su. Nawa kuskuren harafi ɗaya ne tak: sunan da na ba layin lambar ɗaki a cikin umarnina ya saɓa da wanda ke cikin bayanan. Sai dai a lura, manhajar daga sifiri take fara ƙirga, watau in ta ce layi na 0, na farko take nufi.

Wannan ƙofa ɗaya ce daga cikin ƙofofin taimako da ke jikin kayan aikin. Wanda ya latsa F12 a Chrome ko Firefox zai ga wurin da ake rubuta kurakuran shafi, da ainihin abin da aka aiko masa. Ɗalibanmu na lissafi da ƙididdiga masu aiki da R suna da DT, wadda Yihui Xie ya fitar a 2015 don kawo musu DataTables. In suka rubuta?datatable bayanin kowane zaɓi zai fito, tare da misalai a ƙasa, ko da babu intanet. Ga wanda kuɗin datarsa ke ƙarewa kafin wata ya raba, wannan ba ƙaramin gata ba ne.

Yanzu bari in juya ga yayyenmu ma'aikata, waɗanda ba gina jadawali za su yi ba, karanta shi za su yi. In mai ginin bai sāke tsarin ba, layi 10 kaɗai DataTables ke nunawa a shafin farko. Na san wata 'yar'uwa da ta duba goman nan, ba ta ga sunanta ba, ta koma gida tana kuka, alhali sunan yana shafi na huɗu. Da ta dubi ƙasan jadawalin, da ta ga ɗan rubutun da ke faɗin cewa 1 zuwa 10 ake nuna mata daga cikin jimla kaza. A sama akwai wurin zaɓar 10, ko 25, ko 50, ko 100, akwai kuma akwatin nema. Latsa kan layin tsaye yana jera shi, sake latsawa ya juya jerin. Wani abin lura gare mu Hausawa shi ne haruffa masu lanƙwasa: wanda ya nemi Ɗanladi da Ɗ ba zai sami wanda aka rubuta da D ba. Saboda haka kafin ka gaya wa tsoho ɗan fansho cewa babu sunansa, nemi sunan ta fuska biyu, ka kuma tabbata babu wata kalma da aka bari cikin akwatin nema tana ɓoye sauran.

Daga ƙarshe ina da kira ga 'yan'uwana masu gini. Duk rubutun nan da ke kewaye da jadawali ana iya sāke harshensa, domin manhajar ta tanadi zaɓi na musamman don haka. Me zai hana mu rubuta "Nemi suna a nan", da "Ba a sami wannan suna ba, gwada wani rubutun", cikin Hausa? Taimakon da mai karatu ba ya jin harshensa, daidai yake da dami a ɗaure.

Ba na cewa kada a tambayi na gaba, ai matambayi ba ya ɓata. Abin da nake cewa shi ne, ka fara tambayar kayan aikin da ke hannunka, ka karanta amsarsa har ƙarshe. In ta kama sai ka je wurin malami, to ka je da lambar kuskuren a rubuce. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.