Gilashin Ƙofar Akori-Kura



Da aka aiko mini takardar gayyata, na san ana zaton zan zo in yi muku huɗuba a kan aikin gwamnati da wuyar samunsa. Sai ga shi na zo da zancen gilashin mota. Na ga wasu sun fara murmushi, to ku yi mini haƙuri na ɗan lokaci.

Duk wanda ya tashi a Wurno ko Rabah ko Goronyo ya san Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda muke kira Fijo akori-kura. A Faransa aka fara ƙera ta a 1967, kuma bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, sai Fijo ta zama motar gida a ƙasar nan. Ita ce ta riƙa ɗauko albasa da tafarnuwa daga fadamun Gulbin Rima ta kai Achida da Sakkwato, ta komo da taki da gishiri da fasinja a kan kaya. Da yawa daga cikinmu da kuɗin da ta jawo aka saya mana littafi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da guda ɗaya. Ta yi shekaru a ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gida, kaji suna ƙwai a cikinta, har ranar da na ƙudura zan tashe ta.

Na kashe kuɗi a kan inji, na kashe a kan walda da fenti. Da aka zo kan gilashin ƙofa aljihu ya riga ya yi sanyi. Wani mai yankan gilashi ya ce in kawo kwali a zana siffar tagar, zai yanka mini a kuɗi kaɗan. Ya yanka, ya goge bakin, aka ɗaura, ya yi kyau ƙwarai. Bayan wata biyu, muna kan hanyar Rabah, wata babbar mota ta wuce mu ta cillo tsakuwa. Gilashin ya tsage ya zubo kamar wuƙaƙe, ɗaya ta sauka a damtsen ɗan yayana da ke zaune kusa da ƙofa. Ɗinki bakwai aka yi masa, kuma tabon yana nan. Ban ga laifin mai yankan ba kamar yadda na ga nawa, domin ni ne na yi boko, ni ne kuma ban tambaya ba.

Abin da aka yanka mini gilashin tagar ɗaki ne. Ido ba ya bambanta shi da na mota, sai ranar da ya fashe.

Gilashin da masu ƙera mota suka sa a ƙofar irin waɗannan motoci gasasshe ne. Ana fara yanka shi daidai da siffar tagar, a goge bakinsa, sa'an nan a sa shi cikin tanderu har zafinsa ya wuce digiri 600, a fito da shi a busa masa iska mai sanyi farat ɗaya. Bayansa yana riga cikinsa sandarewa, saboda haka da cikin ya zo hucewa sai ya janyo bayan ya matse shi tam. Wannan matsewa ita ke ba shi ƙarfin da ya ninka na gilashin ɗaki sau huɗu ko biyar. In kuwa ya fashe, gaba ɗaya yake wargajewa ya zama ƙananan gutsattsari kamar tsabar masara, waɗanda za su iya ƙwarzane mutum amma da wuya su yi masa mummunan yanka. Kamfanin Saint-Gobain na Faransa ya fito da irinsa a 1929 da sunan Securit. Ga kuma abin da nake so ku riƙe: gasasshen gilashi ba ya yankuwa. Da an ɗora masa abin yanka zai tarwatse. Ashe ke nan duk wanda ya yanka maka gilashi a gabanka, ya miƙo maka, ba gasasshe ya ba ka ba, ko da ya rantse.

Akwai iri na biyu, watau mai falle biyu da leda mai ƙarfi a tsakaninsu, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Wani Bafaranshe masanin haɗa magunguna, Édouard Bénédictus, ya yi rajistar wannan dabara a 1909. Shi ne ake sawa a gaban mota, domin in ya tsage ledar tana riƙe shi. Shi yana yankuwa in shimfiɗaɗɗe ne, don haka masu gyaran tsofaffin motoci a ƙasashen waje sukan yi ƙofa da shi. Ya fi gilashin ɗaki nesa ba kusa ba, amma ni ban fifita shi a ƙasarmu ba. Gilashin ƙofa kullum hawa da sauka yake, ana kuma buga ƙofar, kuma mai falle biyu yakan tsage daga baki, zafi da damshi kuma su sa gefensa ya yi fari-fari. Babban dalilina ma ba wannan ba ne. Mu mutanen bakin gulbi ne, kuma wanda ya ga ambaliyar 2010 a Goronyo da Wurno ya san yadda hanya kan zama kogi a dare ɗaya. In mota ta faɗa ruwa ƙofa ta ƙi buɗuwa, gasasshen gilashi dukan ƙarfe mai tsini a kusurwa ya ishe shi, ka fita. Mai falle biyu kuwa sai ka yi ta duka yana nan maƙale da ledarsa.

Gilashin roba ba sai na tsaya a kansa ba. Ƙurar hunturu guda ta isa ta kankare shi har ka kasa ganin mai babur a gefenka.

To ina za a samu na ƙwarai? Ni a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci na samu. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna su ne wuraren da za a fara leƙawa. Gwanjon da aka ciro daga mota irin taka ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. In za ka tafi, tafi da tsohon gilashin ɗaya ƙofar in yana nan, ka kuma tuna na dama daban na hagu daban. Ɗora rula a kansa ka gani ko shimfiɗaɗɗe ne ko yana da lanƙwasa, domin na 404 da na 504 ba sa shiga wurin juna. Auna kauri, don in ya fi ƙarfin kwarmin da yake bi zai cije, in ya gaza zai yi ta kaɗawa har ya fashe. Sa'an nan duba kusurwa, akwai tambarin da ba ya gogewa. Za ka ga sunan kamfani, a waɗanda aka yi daga 1981 kuma sau da yawa akwai harafin E da lamba a cikin da'ira: E2 Faransa ce ta amince da shi, E1 Jamus, E11 Ingila. In tambarin ya dushe, sanya tabarau irin mai kashe ƙyallin rana ka ɗaga gilashin sama. Gasasshe zai nuna maka ɗigo-ɗigo ko layi-layi masu duhu, sawun iskar da aka busa masa ke nan.

Na san samari suna son baƙin gilashi, kuma zafin bazararmu hujja ce. Sai dai tun 1991 aka kafa dokar da ta hana shi sai da izinin 'yan sanda, kuma direban da ke tafiya da dare tsakanin Wurno da Goronyo, inda jaki da amalanke ba su da fitila, ya fi buƙatar gani a kan inuwa.

In ka samu gilashin, kada ka ɗaura shi a kan tsohuwar roba. Sake robar kwarmin, a sa wa injin ɗaga shi giris, a kuma buɗe 'yan hujojin da ke ƙasan ƙofa don ruwan damina ya riƙa fita. Gasasshen gilashi bakinsa ne lagonsa, in yana gogar ƙarfe tsirara wata rana zai fashe ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Motar tana waje bayan zauren nan. Wanda yake so ya zo bayan an tashi in nuna masa tambarin, na kuma zo da tabarau.