Jawabi Kan Sanya Wa Kowane Layi Suna a Akwatin Rarraba Wutar Lantarki



A yau ina so in jawo hankalinku ga wani akwati da ke manne a bango kusa da mita, a kusan kowane gida da ofis da makaranta. Daga nan ne wutar lantarki ke rarrabuwa zuwa sassan gini, kowane layi da makunninsa ko fis ɗinsa. Abin takaici shi ne, in ka buɗe yawancin akwatunan nan za ka tarar da makunnai jere, babu ko harafi ɗaya da ke nuna aikin kowannensu.

Wutar da ke shiga gidajenmu mai ƙarfin bolt 230 ce, kuma tana iya kisa. Idan ta kama yaro, ba a taɓa shi sai an yanke ta. To, uwar da ta ruga wurin akwati ta tarar da makunni goma sha biyu ba rubutu, wanne za ta kashe? Lokacin da za ta ɓata tana laluben na daidai yana iya zama sanadin rasa rai.

Bugu da ƙari, gidaje da yawa yanzu ba su dogara ga wutar kamfani kaɗai ba. Akwai janareta, akwai batura da wutar hasken rana. Mutum na iya kashe babban makunni alhali wasu layukan suna nan da wuta daga batura. Lalle ne a rubuta wannan gargaɗi da manyan haruffa a murfin akwatin.

Ga yadda ake aikin. A zaɓi lokacin da akwai wuta, da rana, a kuma zama mutum biyu. A fara cire kwamfuta da firiji daga soket. A kunna dukkan fitilu da fankoki. Mutum ɗaya ya tsaya wurin akwati, hannunsa a bushe, da takalmin roba a ƙafarsa, ya riƙa kashe makunni ɗaya bayan ɗaya. Ɗayan kuma ya zagaya da ƙaramar rediyo yana gwada kowane soket, yana faɗin inda wuta ta ɗauke. Ƙofar akwatin kawai ake buɗewa. Kwance murfin da aka ɗaure da kusoshi aikin gwani ne.

A ba kowane makunni lamba, a rubuta wurinsa da tawadar da ba ta gogewa: "1, fitilun zaure", "2, soket na ɗakin girki", "3, injin jan ruwa". Kada a rubuta "ɗakin maigida" ko sunan ɗan haya, domin mutane suna tashi, ɗaki kuwa yana nan. A ƙara da lambar ampiya da ke jikin makunnin da ranar da aka yi rubutun.

Duk da haka, rubutu jagora ne kawai. Wajibi ne ma'aikaci ya gwada waya da abin gwaji kafin ya taɓa ta. Hukumar NEMSA, wadda doka ta kafa a 2015, ita ce ke duba haɗin wuta da ba ma'aikata takardar shaida. Ku nemi mai wannan takarda, kuma kada ku sallame shi sai ya gyara rubutun bayan kowane canji.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, amin.