Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki: Jure Rashi a Unguwannin Kudancin Kogin Kaduna



Batun wannan takarda shi ne halin da mai rashi ke shiga bayan masu gaisuwa sun watse. A wajen zaman makoki ba mu da kasawa. Da an ji mutuwa a Kakuri ko Nasarawa ko Sabon Tasha, maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi, mata sun ɗora tukwane, ana ta shigowa ana tambayar ya haƙuri. Inda muke yin sakaci shi ne daga baya, lokacin da aka bar mace ita kaɗai da takabarta ta wata 4 da kwana 10, ga marayu, ga kuɗin haya.

Rashin da wannan yanki ya gani ya fi na mutuwar kan gado nauyi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa rikicin shekarar 2000 ya ci rayuka aƙalla 2,000 a Kaduna, na Nuwamban 2002 kuma kusan 250. Akwai iyalan da ko gawa ba su samu ba, balle su san kabarin da za su ziyarta. Sannan gari ya tsage: Musulmi da dama suka haura arewacin kogi, Kiristoci suka gangaro kudu. Wanda ya rasa ɗa sai ya rasa maƙwabcin da zai taya shi kuka a kansa. A ganina wannan rashi na biyu bai taɓa samun kulawar da ta dace da shi ba.

Ga kuma Kakuri, inda masaƙar KTL ta rufe a 2002, ma'aikata da yawa suka rasu suna jiran haƙƙinsu. Matansu sun haɗa makoki da talauci.

Kalmar haƙuri tana da daraja a addinan nan biyu, amma wasunmu sun mai da ita hanyar rufe bakin mai kuka. Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kiristoci kuma sun san Yesu ya yi kuka a kan Li'azaru. Mu dubi Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. A wani rikici da aka yi a 1992 Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwa biyu, Wuye ya rasa hannunsa na dama. Sai da suka zauna suka faɗa wa juna abin da ke cin ransu kafin suka zama masu sulhunta wasu.

Wani baƙin cikin ya wuce ƙarfin nasiha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa jimamin da ya zarce wata 6 da tsanani, yana hana mutum harkokinsa na yau da kullum, ciwo ne da ake yi wa magani. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, kusa da mu, sai dai tsoron a ce an haukace yana hana mutane taka ƙofarsa.

Don haka ina roƙon masallatai da majami'u su ware mutanen da za su riƙa komawa gidan rashi bayan arba'in, su zauna su saurara, su duba abinci da makarantar yara. Idan suka ga wanda ya daina barci ko ya daina magana da mutane, su raka shi wurin likita da ƙafarsu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.