A Tuna da Malamin Faransanci da na Larabci

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

 

Da sakataren ƙungiya ya same ni a ofis ya ce an ba ni minti ashirin in faɗi ra'ayina game da abin da za mu yi da kuɗin da muka tara bana, na riga na san inda zuciyar akasarinmu ta karkata. A yi wa katanga fenti, a sake ƙofar shiga, a rubuta sunan ƙungiya a jiki da manyan baƙaƙe, duk wanda ya biyo titi ya gani. Wannan ba laifi ba ne, ni ma ina son in wuce da 'ya'yana in nuna musu. To amma yau na tsaya ne in yi roƙo domin mutum biyu waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba idan ana rabon alheri, wato malamin Faransanci da malamin Larabci.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Kafin a rufe iyakar Nijeriya da Nijar a 2023, an taɓa sa ni cikin wata tawagar ma'aikata zuwa Maraɗi. Dalilin sa sunana kuwa shi ne maigidana a wurin aiki ya duba fayil ɗina ya ga na ci Faransanci da kyakkyawan sakamako a jarrabawar fita sakandare. Muka isa lafiya, aka yi gaisuwa da Hausa, aka ci abinci da Hausa, har na saki jiki. Da aka zauna aiki sai aka raba takardu, duk da Faransanci, wani jami'i kuma ya miƙe ya shiga bayani. Maigida ya waiwayo ya dube ni. Jama'a, a wannan rana da an ce in jero sauye-sauyen aikatau na être da avoir, da na jero su tas kamar yadda muke rerawa a aji biyu. Amma abin da mutumin nan yake faɗa, ko kashi ɗaya cikin goma ban kama ba. Wani saurayi mai raba mana ruwa shi ya matso ya riƙa raɗa mana fassara har aka tashi.

Da na dawo, haushi ya sa na nemi malaminmu, wanda dukkanmu muke kira Mushe, na ba shi labari, ina tsammanin zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ce mini tun da ya bar kwaleji, fiye da shekara ashirin, bai zauna ya yi hirar sa'a guda cur da wani baligi cikin Faransanci ba. Abokan hirarsa su ne mu, yara, kuma hirar ba ta wuce ku zauna, ku buɗe littafi, ku yi shiru. A ɗakin malamai akwai masu Turanci huɗu ko biyar, su yi musu, su gyara wa juna. Shi kuwa shi kaɗai ne. Daga baya ma da aka ga darasinsa ba shi da yawa a jadawali sai aka ƙara masa wani fannin da bai karanta ba, don a cike masa sa'o'i.

A nan ne na gane wani abu da ban taɓa lura da shi ba ina ɗalibi. Malamin lissafi idan ya san yadda ake warware matsala, ya sani ke nan, ko bayan shekara goma yana buɗe littafi za ta dawo masa. Harshe ba haka yake ba. Yana zaune ne a kunne da baki, kuma in aka daina ji aka daina faɗa, sai ya riƙa zubewa a hankali, mai shi bai ma sani ba. Abin da ke saura shi ne nahawu, domin shi ake iya rubutawa a allo. Shi ya sa malami ya ba mu abin da ya rage masa, mu kuma muka haddace, muka ci jarrabawa, muka je Maraɗi muka yi zuru.

Hukuma ta san da wannan matsala tun da daɗewa. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta buɗe Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry ta Jihar Legas, a 1992 kuma ta buɗe na Larabci a Ngala ta Jihar Barno, domin ɗaliban da ke karanta waɗannan harsuna su je su zauna inda ba a jin komai sai harshen, maimakon a riƙa tura su ƙasashen waje da kuɗi masu yawa. A 1996 Janar Sani Abacha ya ba da sanarwar cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, kuma kundin manufofin ilimi na ƙasa na 2004 ya rubuta haka, har ya ce wajibi ne a firamare da ƙaramar sakandare. Kowa a zauren nan ya san iyakar inda wannan magana ta tsaya. Abin lura shi ne ƙauyukan nan biyu galibi ɗalibi suke karɓa tun bai kammala karatu ba. Da zarar ya karɓi takarda an tura shi aji, shi ke nan, sai abin da Allah ya yi. Daɗin daɗawa, daga nan zuwa Badagry ya fi kilomita dubu, alhali Maraɗi da Damagaram ko wacce ba ta kai kilomita 300 daga inda muke zaune ba.

Magabatanmu a garin nan sun fi mu gane wannan al'amari. Lokacin da aka buɗe makarantar shari'a a Kano a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci da muke kira SAS, ai ba a rasa malaman da suka san Larabci a Kano ba. Amma duk da haka aka ɗauko malamai daga Sudan, mutanen da Larabci ne harshen da suke magana da shi dare da rana. Sa'an nan a 1954 aka kwashi wasu matasan malamai, cikinsu har da marigayi Malam Abubakar Mahmud Gumi, aka tura su kwalejin horon malamai ta Bakht er-Ruda a can Sudan. Wato dai hanya biyu suka bi: a kawo wa malami mai harshen, ko a kai malami wurin masu harshen. Har yau ban ga wata hanya ta uku da ta fi su ba.

Ina neman afuwar malamanmu na Larabci a kan abin da zan faɗa, domin ni ɗalibinku ne. A Kano muna da arzikin nahawu. Akwai yaran da suka haddace Ajrumiyya, akwai waɗanda suka shiga Alfiyya, za su yi maka li'irabin jimla har ka ji daɗi. Amma a kai ɗayansu asibiti a Makka lokacin aikin Hajji a ce ya gaya wa likita inda ke yi wa kakarsa ciwo, sai ka ga gumi. Ciwon da ke damun ajin Faransanci shi ke damun ajin Larabci, sai dai na Larabci ya fi ɓoyuwa, saboda kullum muna jin harshen a masallaci muna zaton mun iya magana da shi.

Na san wani zai ce, to ai Nijar ɗin ma ta juya wa Faransanci baya. Gaskiya ne, a 2025 hukumomin Nijar sun mai da Hausa harshen ƙasa, sun bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki, kuma a matsayina na Bahaushe na yi murna ƙwarai. Amma harshen aiki shi ne na takarda, kuma takarda ce ta kunyata ni. Ku taka nan bakin titin Zariya, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, za ku tarar da marasa lafiya daga ƙetaren iyaka riƙe da sakamakon gwaji da takardun magani da Faransanci. Ku tambayi 'yan'uwanmu na Kantin Kwari masu zuwa Kwatano da Lome da wane harshe ake cike musu takardun kwastan. Ƙasashe huɗun da muka haɗa iyakar ƙasa da su, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, babu wadda ba a aiki da Faransanci a ofisoshinta, Chadi kuma ta haɗa da Larabci. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Ranar da jirgi ya fara tafiya, wa zai zauna a teburin da ake duba takardu? 'Ya'yan wasu ne in ba namu ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Kada mu ce za mu gina ɗakin koyon harshe mai na'urori. Na taɓa shiga irinsa a wata makaranta, an yi bikin buɗewa da kaɗe-kaɗe, bayan shekara biyu na tarar da shi a kulle, ƙura ta rufe tebura, ɓeraye sun cinye wayoyin abin sawa a kunne. A zamaninmu Mushe da rediyo mai kaset ɗaya yake fama, in batir ya yi sanyi muryar Bafaranshen ta koma kamar ta mai maye, mu yi ta dariya. Yau abin ya zo da sauƙi. Gidan rediyon Faransa, RFI, yana da labaran duniya na minti goma cikin sassauƙan Faransanci, tare da rubutun abin da aka karanta, kyauta a intanet. TV5Monde na da darussa hawa-hawa, Aljazeera ma na da shafin koyon Larabci, littafin nan kuma Al-Arabiyyatu Baina Yadaik yana zuwa da muryoyinsa. Abin da malami ya rasa shi ne kuɗin data duk wata, da 'yar lasifika mai caji wadda na bayan aji zai ji, da ƙaramin faifan sola saboda halin wutarmu. Kuɗin waɗannan duka bai kai na fentin gefe ɗaya na katanga ba. Ku tuna kuma jarrabawar WAEC ta Faransanci tana da ɓangaren saurare da magana, yaron da bai taɓa jin harshen daga bakin kowa ba sai malaminsa, da me zai shiga?

Akwai ma kayan aikin da ba sa bukatar ko kwabo. Duk ɗan ƙungiyar nan da ya je Nijar ko Kwatano ko Umra, ya dawo mana da rasit, da tikitin mota, da takardar cikin kwalin magani, da tsohuwar jarida, a zuba a akwati a ba malami. Yaro ya riƙe takardar jaka ɗaya ta sefa a hannunsa, a gaya masa Bahaushen Maraɗi da dala yake lissafi, dala ɗaya tana daidai da faran biyar, a ce to dala ashirin nawa ke nan da Faransanci, ya saya ya sayar da abokinsa a gaban aji. A nuna masa cewa lakwal da mushe da jandarma da 'yan'uwanmu na can suke faɗa duk daga Faransanci suka fito, kamar yadda Litinin da Talata da ashirin da talatin suka zo mana daga Larabci. Akwai ƙamus na Hausa zuwa Faransanci da Abdu Mijinguini ya wallafa a Nijar, ya kamata a ce akwai shi a laburarenmu, domin ban ga dalilin da zai sa ɗan Gyaɗi-Gyaɗi ya bi ta Turanci kafin ya isa Faransanci ba.

Babban roƙona dai a kan shi malamin ne. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda bita take kasancewa: kwana uku a otal, jaka da biro da alawus, a yi ta da Turanci daga farko har ƙarshe, sau da yawa ma wanda aka tura ba shi ne mai shiga aji ba. Ba irin wannan nake nufi ba. Ina nufin mu biya wa malamin Faransanci kuɗin karatu da na jarrabawar DELF ta hannun cibiyar Alliance Française, wadda ke auna mutum a saurare da magana da karatu da rubutu, ya san matakin da yake, ya nemi na gaba. Mu biya musu kuɗin mota da masauki zuwa taron ƙungiyoyinsu, NAFT ta malaman Faransanci da NATAIS ta malaman Larabci da addinin Musulunci. Sa'an nan mu buɗe ɗaya daga cikin azuzuwan nan Asabar ɗaya a wata, malaman harshe na makarantun Tarauni da kewaye su haɗu, sa'a biyu ba Hausa ba Turanci, a gayyato musu wani daga cikin 'yan Nijar ko 'yan Sudan mazauna Kano ya zauna da su. Namu shi ne shayi da kuɗin mota. Idan ana bukatar amincewar hukuma, ofishin KERD yana nan Gandun Albasa, ni na ɗauki nauyin kai takarda da bin ta.

Ma'aji ya riga ya yi mini tambayar da na san tana ran wasunku: in muka kashe wa malami kuɗi ya goge, makarantar kuɗi ta ɗauke shi fa? Tana iya faruwa, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai mu yi yarjejeniya a rubuce cewa zai ƙara shekara biyu a nan, kuma mu haɗa da ƙaramin malami ko ɗan bautar ƙasa a zaman Asabar ɗin, don kada abin ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Mu sani kuma Mushe ya kusa ritaya, in ya tafi ba a sami magaji ba, cire darasin za a yi daga jadawali, kuma abin da aka cire da wuya ya dawo.

Ina roƙon shugaba ya sa wannan shawara cikin abubuwan da za a kaɗa wa ƙuri'a bayan sallar Azahar, kusa da maganar katanga. Lasifikar farko ni zan saya. Mushe kuma, ga shi can a layi na uku yana sunkuyar da kai, ya ce in gaya muku in da hali a haɗa masa da sabon ƙamus, domin nasa bangon ya rabu da shi, shafukan farko har zuwa harafin C sun ɓace.