Kasuwa Da Mai Saye: Jawabi Ga Magidantan Ƙasar Faskari

Ina yi muku barka da ƙoƙari, ku da kuka bar hira da dare kuka zauna koyon karatu bayan kun girma. Yau za mu yi magana a kan abin da ba wanda bai san shi ba a cikinku, watau kasuwa. Ba magidancin da mako zai zagayo bai saya ba, ko bai sayar ba. Amma shiga kasuwa dabam, sanin yadda ta ke tafiya dabam. Masana suna da wani fannin ilmi da a ke kira ilmin tattalin arziki. Sunan ne ya ke da girma, amma tushensa yana nan a Sheme da Ɗandume da Funtuwa, inda kuka saba zuwa.

Bukata da yawa, abin hannu kaɗan

Tushen ilmin nan magana ɗaya ce: bukatar ɗan Adam ba ta ƙarewa, abin hannunsa kuwa yana da iyaka. Dubi magidanci ranar da ya sayar da amfanin gonarsa. Yana son taki na baɗi, yana son tufafin iyali, yana son kwanon rufi, ga kuɗin makarantar yara, ga bikin ƙanensa ya matso. Kuɗin ba za su kai ga duka ba. Dole ya zaɓa.

To, a nan ne a ke gane mai hankali. Duk abin da ka ɗauka, akwai wani abin da ka bari saboda shi. Idan ka sayi babbar riga da kuɗin buhun taki biyu, kada ka ce rigar kuɗi kawai ta ci. Ta ci masarar da takin nan zai haifar maka. Wannan shi ne ainihin tsadarta. Ba a ce kada ka sayi riga ba, ai mutum ba ya zama ba sutura. Abin da a ke so, ka san abin da ka bari tun kafin ka miƙa kuɗin. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai kuma wani abu. Amfanin abu yana raguwa gwargwadon yawansa a hannunka. Mai ƙishirwa a gona, moɗar farko ta ruwa ta fi masa kome. Ta biyu da daɗi. Ta huɗu kuwa ko kyauta ba ya so. Haka takalmi, haka hula. Saboda haka in kana da hula uku ba ka da fartanya mai kyau, kuɗinka sun fi amfani a wurin maƙeri.

Wa ke yanka farashi?

Sau da yawa za ka ji mutum ya komo daga kasuwa yana cewa, "Yau 'yan kasuwa sun tsawwala." Wata rana kuma manomi ya ce, "Yau 'yan sari sun karya mana kasuwa." Ko wanne yana ganin wani ne ya zauna ya yanka farashi. Galibi ba haka ba ne. Abu biyu ne su ke ja-in-ja: yawan kayan da aka kawo, da yawan masu nemansu da kuɗi a hannu. In kaya sun fi masu saye yawa, sai araha. In masu saye sun fi kaya yawa, sai tsada.

Ku dubi hatsi. Da kaka kowa ya girbe, kowa kuma yana bukatar kuɗi a lokaci guda, domin biyan bashi da aure da sauran hidimomi. Sai masara da dawa su cika kasuwa, farashi ya faɗi. In damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa, sabo bai nuna ba, sai masu saye su yi yawa, masu sayarwa su yi kaɗan, farashi ya hau. Hatsin bai canja ba, mudun bai canja ba. Lokaci ne ya canja.

Ku dubi rago. In Babbar Salla ta gabato, kowa yana neman abin layya, sai ragon ya yi tsada. Masu kiwo sun san haka, don haka su ke turke raguna watanni kafin Salla. Amma in masu turken suka yi yawa, kuɗi kuma suka yi wuya a hannun jama'a, sai ka ga ranar jajibere dillalai suna roƙon mai saye. Ashe tsadar da ta jawo masu kiwo da yawa, ita ce ta komo ta karya kanta. Haka kasuwa ta ke, tsada tana kiran kaya, araha tana korarsu.

Tayi da albarka ma aikinsu ke nan. Ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka ƙara, har ya sallama. Kai kana da iyakar da ba za ka wuce ba, shi kuma yana da iyakar da ba zai sauka ƙasa da ita ba. Inda kuka haɗu, nan ne farashi.

Labarin auduga da gyaɗa

Ga wani abin da ya faru a ƙasar nan, wanda zai nuna muku ƙarfin farashi. A 1902 masu masaƙu na Ingila suka kafa wata ƙungiya ta noman auduga, wadda a ke kira BCGA. Burinsu su sami audugar ƙasar Hausa da yawa, su kai masaƙunsu. Da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, suka ɗauka bukata ta biya. Amma manoman Kano suka yi nasu lissafi. Masaƙan gida suna sayen auduga da daraja fiye da yadda Turawa su ke taya ta. Gyaɗa kuwa kamfanoni sun fara sayenta da kuɗi masu kauri, ga shi in ciniki bai yi ba a ci abarta a gida, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Sai manoma suka karkata ga gyaɗa, jirgin da aka sa ran zai ɗauki auduga ya koma ɗaukar gyaɗa, har daga baya aka yi dalar gyaɗa a Kano. Yawancin manoman nan ba su san boko ba, amma sun auna, sun zaɓi abin da ya fi musu.

Nan kudancin Katsina kuwa, inda ƙasa ta ke da laka, ruwan sama ya fi yawa, auduga ta karɓu. Aka shimfiɗa hanyar jirgi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta kai Ƙaurar Namoda a 1929. Aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa, nan cikin ƙasar Faskari. Daga 1949 wata hukuma ta gwamnati ce ta ke yanka farashin auduga, har aka rushe irin waɗannan hukumomi a 1986, aka bar manomi da mai saye su daidaita. Da manyan masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta rufewa bayan shekara ta 2000, masu neman auduga suka ragu, manoma da yawa suka mai da gonakinsu ga masara da waken suya da shinkafa.

Darasin a fili ya ke. Kada ka shuka abu don kawai ubanka ya shuka shi. Tambayi wa zai saya, nawa zai saya, nawa kuma za ka kashe kafin ya nuna.

Kuɗi, hanya da zaman lafiya

Kakanninmu sun yi ciniki da wuri. Bayansu aka yi anini da kwabo da sisi da sule da fam, sule ashirin fam guda. A 1973 aka sauya zuwa naira. Ko wanne ne, kuɗi ba a cin su, ba a sa su a jiki. Darajarsu ita ce abin da za su saya. In kuɗin shigarka sun ninka biyu, farashin kaya kuwa ya ninka uku, to ka koma baya, ko da aljihunka ya fi na da kumburi.

Kun ga aikin kuɗi da idonku a farkon 2023, sa'ad da aka canja takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya. Kaya suna nan a kasuwannin ƙauye, masu so suna nan, amma ba abin biya, har masu dabbobi da hatsi suka riƙa karyar da kayansu ga mai tsaba a hannu. A watan Mayu na shekarar kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, ko wane buhu ya ɗauki rabonsa na tsadar. A 2021 kuwa, saboda ɓarnar 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Katsina ta dakatar da cinikin dabbobi na wani lokaci a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Mai saniya yana da dukiya, amma ba inda zai mai da ita kuɗi. Wannan ya nuna kasuwa tana tsaye bisa duwatsun murhu uku: kuɗin da aka amince da su, hanyar da kaya za su bi, da zaman lafiya. In ɗaya ya goce, tukunya ta kife.

Sayar da kaka, saye da damina

Yanzu ga inda magidanci ya fi cutuwa. Mu yi misali, ku bi lissafin da alƙalaminku. A ce da kaka buhun masara naira 40,000 ne. Ka sayar da buhu 3, ka karɓi 120,000. Damina ta yi tsakiya, rumbu ya ƙare, buhu ya kai 60,000. Kuɗin nan naka buhu 2 kaɗai za su sayo. Ka ga buhu guda ya salwanta, ba ɓarawo, ba gobara.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne falle, watau ka karɓi kuɗi ko hatsi da damina, a kan za ka biya da amfanin gona in kaka ta yi. Mai falle ya sayar da gonarsa tun tana tsaye, a farashin da mai ba da bashi ya so. Shekara ta zagayo, rumbunsa ya riga na kowa ƙarewa, ya sake komawa. Ramin ke nan da ya ke da wuyar fita.

Maganinsa, kafin ka kai ko tiya ɗaya kasuwa, ƙidaya bakunan da ke gidanka, ka san tiya nawa a ke ci a mako, ka ware abincin shekara. Abin da ya ragu shi ne na sayarwa. In hidima ta taso, akuya ko kaji ko sana'ar rani su tare ta, rumbu ya zauna lafiya.

Amma kada wani ya ɗauka ajiya kullum riba ce. Ƙwari suna ci, ɓera yana ci, farashi kuma ba ya yi wa kowa alkawari. A 2025 farashin masara ya faɗi ƙwarai, waɗanda suka tara ta da tsada suna jiran ta ƙara hawa suka yi hasara. Ajiye abincin iyali hankali ne. Ɓoye abinci don jama'a su ƙuntata kuwa addini ya hana, kamar yadda ya hana tauye mudu.

Gargaɗi ga mai shiga kasuwa

Na farko, rubuta abin da za ka saya tun daga gida, mafi muhimmanci a sama. Yanzu kun iya rubutu, takarda ba ta jin daɗin bakin ɗan koli.

Na biyu, zagaya ka ji farashi wuri uku kafin ka taya. In kana da waya, tambayi yadda kasuwar Ɗandume ta ci kafin ka ɗaure kayanka. Ɗan sari ya san farashin gari biyar, kai kuwa in na garinku kaɗai ka sani, ya riga ya fi ka makami.

Na uku, duba kaya da idonka, ka tsaya a auna a gabanka. Ba a cinikin biri a sama. In taki ne ko maganin feshi ko iri, karanta abin da aka rubuta a jiki, nauyinsa da ranar da zai lalace.

Na huɗu, tuna araha ba ta ado. Takalmin da zai yi wata uku a naira 3,000 ya fi tsada bisa wanda zai yi shekara a naira 8,000, gama na farkon sai ka sayi huɗu, 12,000 ke nan.

Na biyar, in abu ya yi tsada, nemi madadinsa. Shinkafa ta hau, ga dawa, ga masara. In masu saye da yawa suka juya baya, tilas mai kaya ya sauko. Ku sani kuɗinku murya ne, mai kaya kuwa yana saurare.

Na shida, san la'adar dillali da kuɗin mota da na dako kafin ka ce ka ci riba. Riba ita ce abin da ya rage bayan an fid da duk abin da aka kashe, har da wahalarka.

Na ƙarshe, in za ka ci bashi, a rubuta, da shaidu, ka kuma karanta kafin ka sa hannu. Bashin taki yana iya biyan kansa, bashin biki kuwa gona ce za ta biya.

Jama'a, ku nemi ɗan littafi, ko wane mako ku rubuta farashin masara da dawa da wake a kasuwarku. In shekara ta zagayo, ku da kanku za ku ga watan da kaya su ke faɗuwa da watan da su ke hawa, ba sai wani ya gaya muku ba. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya sa albarka cikin nemanmu, amin.