Kwali da Iya Aiki a Wudil

Makaranta iri biyu ce a Wudil. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda ta buɗe a 2001, ga kuma kasuwar kara ta ranar Juma'a, inda dillali ke ƙiyasta kuɗin bijimi da ido, alhali bai taɓa zama a aji ba.

Kwali yana da ranarsa, domin ba a ba marar shaidar injiniya aikin gada. Sai dai takarda kaɗai ba ta gyara janareta. Ɗalibi, halarci lacca da safe, da yamma ka je wurin mai sana'a. Ku kuma masu ɗaukar aiki, ku gwada hannun matashi kafin ku nemi takardarsa.