Jawabi ga makiyaya da fataken shanu kan hoton jijiyar wuya

Iyayenmu, da 'yan'uwa makiyaya da dillalan kara na Salaga, Yendi da Bawku.

Mu da muke shafa wuyan sa mu faɗi kuɗinsa, ba mu san abin da ke cikin namu wuyan ba. Manyan jijiyoyi biyu, dama da hagu, su ke kai jini ƙwaƙwalwa. Kitse kan taru ya matse hanyar. In ɓarɓashinsa ya ɓalle ya toshe can sama, sai shanyewar ɓarin jiki.

Na'urar da ake duba mata masu ciki da ita, ita ke ganin wannan. Ba allura, ba yanka, mai kawai ake shafawa a wuya, kamar rabin awa an gama.

Ba kowa ake yi wa ba. Amma wanda bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya mutu, ko idonsa ɗaya ya yi duhu, sannan ya warware cikin mintoci, kada ya ce iska ce, kada ya jira kasuwa ta tashi. Ranar nan ya je asibiti, in an tura shi Tamale ya tafi. Binciken SIREN na 2018 a Gana da Nijeriya ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo ciwon, to a fara da awonsa.